Sunan Yaya a Jikin Dutse

Juma'a, 11 ga Janairu, 2019

Baba Kabo, tsohon sojan nan na bayan masallaci, ya zo wajen Inna. Wai ranar Talata za a yi taron tunawa da 'yan mazan jiya a bariki, can Daura, kuma an rubuta sunan Yaya Sabiru a jikin wani dutse. Na ce masa haba Baba, da girmanka? A tsaya ana sara wa dutse, ana ajiye masa furanni? Ni da kullum nake koya wa yara a Islamiyya cewa mamaci addu'a yake bukata. Inna ce kawai ta ce, "Abdulbaƙi, kai za ka kai ni."

Asabar, 12 ga Janairu

Shekara ta zagayo da kashe Yaya a Borno. Can aka binne shi, ba mu ga gawa ba. Har yau Inna ta ƙi karɓar gaisuwa, duk wanda ya ce mata "ya haƙuri" sai ta tashi ta shige ɗaki. Ta rame, abinci ma sai an yi da gaske. Ga shi ɗan fari ne, kunya ba ta barin ta ta yi zancensa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "wancan". Ina tsoron kada mu rasa ta ita ma.

Litinin, 14 ga Janairu

Na sake yi mata magana. Ta ce in ba zan kai ta ba, za ta hau mashin ɗin haya.

Talata, 15 ga Janairu

Mun je. Na goya ta a bayan mashin daga garinmu Sandamu har bariki.

Na shiga ina cika ina batsewa, na samu can gefe na tsaya. Dutsen baƙi ne, ya fi ni tsayi, sunaye tun daga sama har ƙasa. Ban zaci suna da yawa haka ba, wallahi ban zata ba. Sai wani soja ya busa ƙaho, a hankali, ya ja shi da tsawo. Filin nan kaf ya yi tsit, ko tari babu. Tsofaffin da aka kawo a kan kujeru suka yunƙura suka miƙe. Baba Kabo da ba ya iya ruku'u sai a zaune, na gan shi tsaye ƙyam. Na nemi fushin da na zo da shi na rasa.

Da aka watse Inna ta ja hannun rigata har gaban dutsen. "Ina yake?" Ba ta karatun boko. Na kama yatsanta na ɗora a kan sunan. Ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince shinkafa. Ta daɗe. Can ƙasa-ƙasa na ji ta ce, "Sabiru. Allah ya ji ƙanka, Sabiru."

Na tsuguna. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Alhamis, 17 ga Janairu

Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Mata suna ta shigowa gaisuwa, tana amsawa da "haƙuri sai ma'aiki". Ta ci tuwo.

Lahadi, 20 ga Janairu

Na shiga Daura sayen littattafan yara. Ra'ayina yana nan, dutse ba ya ji, ba ya gani, furen ma ban yarda da shi ba. Hanya ce dai ta biyo da ni ta ƙofar barikin. Na tambayi sojan da ke gadi ko ana barin dangi su shiga ranar da ba taro. Ya ce ana bari. Na ce masa tsohuwarmu ce take tambaya.

Inna ba ta aike ni ba.