Alhamis ɗin Anti Rabi

Barkanku da warhaka 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ina zaune a Sabon Tasha, ina aikin fakin ɗin kaya a wani kamfani a Kudenda, shif muke yi. A layin aikinmu akwai wata baiwar Allah 'yar Makera, Anti Rabi, mun daɗe muna musayar rana da ita. Ita take riƙe min Lahadi in je coci, ni kuma in riƙe mata Alhamis, ranar da take kai mijinta wankin ƙoda. Ko da mamana ta rasu na tafi ƙauye, ita ta haɗa shif ɗina da nata har ƙafafunta suka kumbura, ba ta taɓa yi min gori ba.

To bana kamfani suka ce babu ƙarin albashi, sai bonas a ƙarshen shekara, kuma na layi ne gaba ɗaya. Wanda ya yi fashi shi kaɗai zai ɗauki laifinsa, amma in aka yi musaya, duk layin ya rasa. Na haƙura da Lahadina, ita kuwa ciwo bai san da wani bonas ba. Ta yi fashi har sufabaiza ya ce in ta ƙara, ta ajiye musu katin aikinsu. Na je roƙonsa, ya ce musaya ba a hana ba, in dai layina sun yarda su yi asara.

Jiya da maganar ta kai kunnen 'yan layinmu suka tare ni a get, wata ta ce in ina son aikin Allah in yi da aljihuna, ba da kuɗin makarantar yaranta ba. Na ji haushi sosai, amma ba ƙarya ta yi ba, ni ma hayar gida nake jira da shi. Oga a gida ya ce in cire hannuna.

Abin da ya fi kashe min jiki, Anti Rabi ba ta roƙe ni ba. Yau ma waina ta kawo min, ta ce, "Ƙanwata kar ki ɓata da mutane saboda ni." Na shiga bayi na yi ta kuka.

Jibi Alhamis, ranar hutuna ce. In tsaya a wurinta layi su tsane ni, ko in zauna gida a kore ta da majinyaci a hannu? Ya zan yi?