Larabar da Mama Ta Riƙe

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun isa lafiya, motar kuma ba ta sake mace muku a hanya ba. Ka gaishe min da Darakta da sauran 'yan wasan. Direbanku ya ce can waya ba ta shiga sai an hau dutse, shi ya sa na ba shi wannan takarda.

Gida lafiya, sai dai Mama. Tun da ka tafi mantuwarta ta ƙaru. Ina haɗa mata shayi da safe sai ta ce, "Auta, ina Babanku?" Na yi yadda Yaya ta ce a riƙa yi, na riƙe hannunta na ce, "Mama, ai Baba ya rasu tun bara." Wallahi sai ta fashe da kuka kamar yanzu aka shigo da labarin. Wai me ya sa ba wanda ya gaya mata, ita ce matarsa ko mu? Ta ƙi shayi, ta ƙi abincin rana. Can da yamma ta manta, ta ɗan ci. Gari ya waye ta sake tambaya, ni kuma na sake kashe mata miji.

Ka san ni, in raina ya ɓaci littafi nake ɗauka. Yanzu ko shafi ɗaya ba na iya kaiwa ƙarshe. Da kana gida ban taɓa jin ta yi maka kuka ba. Nakan jiyo ku daga kicin kuna ta dariya, ban taɓa tsayawa na saurara ba. Don Allah me kake ce mata?

Ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Na bar ka lafiya.

Matarka,
Auta

*

'Yar Littafina,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni da gemun auduga manne a haɓa, ina shirin fitowa a tsohon da ya hana a kai jikarsa asibiti. Na karanta, gemun ya kusa jiƙewa.

Babu wani asiri. Abin da muke yi a fili shi nake yi da ita. Kin san wasanmu ba rubutu. Darakta kan ce, "Kai ne uba, ke ce uwa, yarinya ta kwana da zazzaɓi, ku shiga." Shi ke nan. Dokarmu guda ce: duk abin da abokin wasanka ya miƙo maka, ka karɓa. Jiya abokin wasana Dogo ya shigo ya nuna benci, ya ce saniyarsa ce ba ta da lafiya. Da na ce masa ai benci ne, da wasa ya mutu nan take, jama'a su kama gabansu. Sai na durƙusa na shafa cikinta na ce, "Kai Dogo, me ka ba ta ta ci?" Har na tsaye a baya sai da suka matso.

To Mama ma haka. In ta ce ina Baba, ta miƙo miki duniyar da yake raye a cikinta ne. Ni sai in ce, "Mama, ina kike jin ya nufa da sassafen nan?" Ta ce, "Shago mana, ina kuma tela zai je?" In ce aiki ya yi yawa ke nan. Daga nan ta ɗauko labarin ranar da ya ɗinka wa wani wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya kuma dage wai ƙafar mutumin ce ba daidai ba. Na sha jin labarin nan, amma kullum sai na yi dariya, don ta iya ba da shi.

Ki karɓa, ki ɗan ɗora a kai, ki mayar mata. Ki gwada. Ki gaishe ta, ki ce mata surukinta mai surutu yana nan tafe in mun gama zagayen ƙauyuka.

Naki,
Mai gemun auduga

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya aikin asibiti, ya yara da Babansu? Na zaɓi in rubuto ne don in na kira ki kina cikin marasa lafiya, ba kya bari in kai aya.

Albishirinki! Mama ta daina kuka. Na daina gaya mata rasuwar Baba, ina bin hanyar da maigidana ya koya min, irin ta wasansu. In ta tambaya sai in tambaye ta ita ma, ta ce yana shago, mu ci gaba da hira. Yaya, har ƙarin shinkafa ta nema!

Da na ga abin ya karɓe ta, sai na ɗan ƙawata shi. Na ce mata Baba ya yi tafiya sayo yadi a babban gari. Washegari na ce ya aiko da gaisuwa. Ta ce, "Ni ya ce a gaisar?" Ta sunkuyar da kai tana murmushi kamar budurwa. Na ce har mayafi ya saya mata, shuɗi mai ɗigon fari a baki. Ta ce mutumin nan bai taɓa iya zaɓen kala ba, amma a bar shi ya kawo. Kullum da na idar da sallar asuba sai in zauna in tsara abin da zai faru da Baba a ranar, kamar mai rubuta babi. Ruwa ya tare shi a wata gada. Ya haɗu da tsohon abokinsa. Shekaranjiya ta matsa min da yaushe zai dawo, na ce Laraba. Ai kafin ta shanye shayin ta manta.

Ban taɓa jin daɗin wani littafi kamar wannan ba. Ki zo ki ga fuskarta.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ku.

Na karanta takardarki a ɗakin hutunmu, sai da wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Ke yanzu abin da kike yi ya yi miki kyau? Uwarmu ce, ba 'yar kallo ba ce a dandali. Mijinki mutumin kirki ne, ban taɓa cewa ba haka ba, amma sana'arsa ta tsaya a bakin ƙofa.

Ke ba kya ɗakin ranar. Ni ce na cire masa robar hanci, ni na rufe masa ido, ni na ɗaure masa haɓa. Yau kin ɗaga shi kin sa shi a mota, kin tsayar da shi a gada ruwa na dukansa, don ke kin saba da littattafan da kowa ke dawowa a shafin ƙarshe. Tun kina ƙarama haka kike, a aike ki sayen gishiri ki dawo da labari ba gishiri.

Na san ke ce a gidan, ke ke wanke ta, ke ke jin kukan, ni kuwa ina nesa. Ban raina wannan ba. Amma wanda ya yarda da ke har ya miƙa miki hankalinsa, ba a yi masa haka. Ki daina tun abin bai yi nisa ba.

Ki duba min ƙafarta ta hagu ko kumburin ya sauka.

Yayarki

*

Maigidana,

Assalamu alaikum.

Na yi ɓarna. Ban tsaya inda ka ce ba. Na ce wa Mama Baba ya yi tafiya, na yi ta ƙara masa labari, har na ce mata zai dawo Laraba. Matar da ba ta tuna ko ta ci abinci, matar da wani lokaci take kirana da sunan ƙanwarta, ita ce ta riƙe Larabar nan gam. Kullum ta farka, "Auta, yau Laraba?" Ta sa na goge mata zanenta mai kyau. Ta sa na share ƙarƙashin keken ɗinkinsa, na sa masa mai.

Ranar ta zo. Tun da hantsi ta yi wanka, ta ja kujerar roba zuwa bakin ƙofa ta zauna. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai ta gyara ɗankwali. Ta ƙi cin komai, wai tare za su ci. Da rana ta yi sanyi na ce motarsu ce ta lalace. Ta dube ni, ta mayar da idonta kan titi.

Tun daga ranar kullum tana kan kujerar nan. Ta daina tambayar ina yake. Abin da take tambaya yanzu shi ne, "Me na yi masa?" Tana ta lalube a cikin kanta, ko don ta yi masa faɗa a kan kuɗin makarantar Yaya ne, ko don ta tsufa ne. Gara kukan da. Wancan ta san ya tafi yana sonta.

Ga roƙona, kada ka ce a'a. Ka roƙi Darakta ya ba ka kwana biyu. Rigar Baba mai ruwan toka tana nan, da hularsa, da tef ɗin awon da yake ratayawa a wuya. Ka iya tarinsa, ka iya yadda yake jan ƙafa, ka taɓa yi mana har Baban da kansa ya ƙware don dariya. Idonta ba ya gani sosai yanzu. Ka shigo ka ce mata ba ta yi maka komai ba. Mayafin ni zan saya.

Ina jiranka.
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Yau ban fita wasa ba, Dogo ne ya sa gemun.

Kin ce kada in ce a'a, ga shi kuwa ni ne mai wa'azin karɓa. Amma ba zan sa rigar Baba ba. Tarin na iya, jan ƙafar na iya. To in ta kama hannuna fa? Shekara nawa tana riƙe hannun da allura ta cinye wa yatsa? In ma ba ta gane ba, sai in tashi in tafi, ki sake neman gadar da za ki tsayar da ni. Mu a fili ba ma ambaton wanda zai shigo sai mun san yana tsaye a bayan labule. In wani ya yi kuskure ya ambata, ba ma rufe wa jama'a ido da wani sabon kuskuren.

Ba faɗa nake yi miki ba. Kowane sabon ɗan wasa yana yin irin wannan. Ya ji an yi masa dariya sau ɗaya, sai ya ƙwace labarin ya yi ta gudu da shi, ya bar abokinsa tsaye yana kallo. Shagon nata ne, ita ta kawo shi. Tafiyar da mayafin da Larabar naki ne.

In wasa ya rikice mana, Darakta kan ɗaga hannu daga gefe, ma'ana kowa ya rage baki ya saurari ɗan'uwansa. Ki ɗauko kujera ki zauna kusa da ita. Kada ki kawo komai, ko ƙarya ko gaskiya. Ki bar ta ta ja. Ban san inda za ta kai ki ba, mu ma ba ma sani in mun shiga.

Da an gama zagaye zan taho, da fuskata. Ki yafe min.

Mijinki

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Kumburin ƙafar ya sauka.

Kin yi gaskiya da kika ce in daina. Mama ta riƙe Larabar nan, ta yi ta jiransa a bakin ƙofa har ta fara zargin kanta. Na roƙi maigidana ya zo ya fito mata a Baba, ya ƙi. Na yi fushi da shi, na yi kuka, sannan na yi abin da ya ce.

Jiya da la'asar na ja kujera na zauna gefenta. Ta ce, "Me na yi masa?" Bakina ya cika da labarai, Yaya, har guda uku suka zo min a take. Na haɗiye su. Na ce, "Mama, in ya shigo yanzu me za ki ce masa?"

Ta ce za ta ce masa ya cire takalmi, an share ɗaki. Ta ce za ta tambaye shi inda ya jefar da tabaransa. Ta yi ta magana, ta ba ni labarin ranar da aka haife ki, yadda ya rufe shago da kayan mutane a ciki ya taho a guje da almakashi a hannu. Ban taɓa jin wannan ba. Ta yi dariya, ni ma na yi. Sai ta juya tana kallon titi.

Can ta ce, "Auta, mutumin nan tela ne, amma bai taɓa saɓa wa kowa rana ba. In ya ce Laraba, Laraba ce." Ta ce, "To in bai zo ba, ya mutu ke nan." Ta juyo ta dube ni. Na kasa ɗaga kai. Ta ce, "Allah ya jiƙansa. Ai na san ba zai tafi haka kawai ya bar ni ba." Hawaye ya zubo mata, amma ba irin kukan da ba. Ta share da bakin zane ta ce in shigar da kujerun, sauro ya fara fitowa. Ta ci abinci, ta yi barci.

Yau da safe na kai mata shayi. Ta karɓa, ta hura, ta ce, "Auta, ina Babanku?"

Yaya, ki zo. Na gaji.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na karɓi hutu, ina tafe ƙarshen mako.

Ban san da labarin almakashin ba.

Ni ma za ta tambaye ni, na sani. Na kwana ina neman abin da zan ce mata, ban samu ba. Don Allah in na shiga gaishe ta, ki biyo ni. Kada ki bar ni ni kaɗai a ɗakin.

Sai na zo.
Yayarki