Na Ambaci Kakata a Shirin Rege, Ga Goro Ya Zo Daga Djougou

Hajiya Zoulaïha, don Allah ki taimake ni.

Ni malama ce a wata makarantar Islamiyya ta 'yan mata a Zongon Parakou. Abin da ba wanda ya sani shi ne, kowace Asabar da hantsi nakan hau zem, wato acaɓa, in tafi wani ƙaramin gidan rediyo a unguwar Titirou, in yi shiri da sunan 'Yar Tsibiri. Akwai wata mawaƙiyar rege 'yar Jamaika da nake bin faya-fayanta ɗaya bayan ɗaya, in fassara, in yaba, in kushe. Na karanta Turanci a jami'a, kuma wallahi matar nan tana da murya. Faifanta na biyu ma na ce ganguna sun danne ta, masu sauraro suka yi ta faɗa da ni a waya, ina jin daɗi.

To, makon jiya na kai faifai na huɗu, wanda ta yi bayan rasuwar mahaifiyarta. Ina cikin sharhi sai hawaye suka zo, bakina ya suɓuce. Na ce muryarta tamkar ta Iya Tani ce idan tana zaɓen goro a zauren gidanmu na Djougou, tana yayyafa wa ganye ruwa tana rera waƙa a hankali. Hajiya, Iya Tani kakata ce, Allah ya jiƙanta. Duk Djougou mace ɗaya aka sani da waƙa a kan huhun goro. Na shiga uku!

Ranar Talata wani direba ya kawo mini ƙunshi daga Baffa Sahabi, babban gidanmu, wanda shi ya tsaya mini aka ɗauke ni aikin makarantar. Farin goro bakwai a ganye, da saƙon in zo ranar Juma'a. Ba ƙarin bayani. A gidanmu in Baffa ya kira mutum da goro, magana ce babba. Mutanenmu kuwa da sun ji rege sai su ce 'yan wiwi. Idan iyayen yara suka ji, wa zai sake ba ni 'yarsa in koya mata karatu? Ina son yaran nan kamar raina. In gudu Cotonou ne, ko in rantse ba ni ba ce? Ina tsoro ƙwarai.

Taki,
Mai Fargaba, Zongo

Amsa

'Yata, sha ruwa tukuna. Batun rantsuwa ki cire shi, mai koyar da Alƙur'ani ba ta kare kanta da ƙarya. Gudu kuma shi zai tabbatar da zargin da ba a ma yi miki ba tukun.

Kina da laifi ɗaya, ɓoyewa. Baffa ya sa sunansa a kanki, hakkinsa ne ya ji daga bakinki. Iyayen yara ma ba mahaukata ba ne in sun tambayi abin da malamar 'ya'yansu take yi. Amma fassara waƙar marainiya da ke kukan uwarta ba abin kunya ba ne, in dai kina tace abin da kike sakawa.

Kafin Juma'a ki sami shugabar makarantarku ki gaya mata da kanki, gara ta ji daga gare ki da ta ji a kasuwa. Sannan ki karɓi shirin nan a waya ki tafi da shi Djougou. Ki durƙusa, ki nemi gafarar ɓoyewa, ki kunna masa. In ya ce ki bari, ki saurara, ki roƙi lokaci, kada ki yi musu a zaure.

Ban san zuciyar Baffa ba, ba zan yi miki alkawari ba. Amma ki tuna, kafin Iya Tani ta zama kakarki, uwarsa ce. Kuma don ya gane ki, sai da ya zauna ya saurari shirin rege.

Allah ya kai ki lafiya, ya sanyaya zukatanku.