Ban Karɓi Bulalar Ba, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, da ke kwance a maƙabartar Gidan Rumji.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa an ɗauke ni daga lakol ɗin da nake koyarwa a ƙasar Sae Sabuwa. An tura ni wani ƙauye can bayan Gazawa, inda aka ce ko mai babur sai an lallashe shi yake zuwa. Wai ban iya riƙon aji ba. Gaskiyar magana ita ce an miƙo mini bulala in daki ɗiyar mutane a gaban tuta, na ƙi karɓa. Ke kika ja mini wannan taurin kai, don haka ke za ki fara jin labari.

Kin tuna ranar da na dawo daga lakol da ƙashin jaki rataye a wuyana? A zamaninmu duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa a aji maimakon Faransanci, shi ake rataya wa, wanda kuwa ya kwana da shi bulala ce karin kumallonsa. Kina tsakiyar tuƙin tuwo kika aje muciya, kika ja hannuna har ƙofar gidan Mushe, malaminmu. Ba ki san ko bihim ba a boko, amma kika dire masa ƙashin a gabansa kika ce, "Wuyan ɗiyata ba turken jaki ba ne." Sai da muka dawo muka tarar tuwon ya kama.

Kuma ba sangarta mu kika yi ba, kowa a unguwa shaida ne. Ƙanzon tukunya shi ne sarautar gidanmu. Wanda ya wuni bai yi rashin ji ba, shi ke kankare shi, sauran suna kallo suna haɗiyar yawu. Ranar da na yi laifi ba ƙanzo, kuma ba Mairo. Mariyama nake komawa, cikakken suna, a bushe, kamar baƙuwa. Wallahi Inna, na sha fatan da dukana kika yi na huta.

Da na zama malama sai na nemi ƙanzon lakol, na same shi rataye a jikin icen bedi. Tsohon ƙarfen ƙafar mota ne, shi ne ƙararrawarmu, da guntun rodi ake buga shi. Duk yaron ƙauyen nan burinsa ya buga ƙarfen nan a ji shi har bakin rijiya. Na roƙi darakta ya bar wa ajina bugun fita hutu, ya yi dariya ya ce in ɗauka. Sai na kafa doka: wanda ya wuni bai daki kowa ba, bai zagi kowa ba, yana cikin layin riƙe rodi. Wanda ya yi ɓarna ya fita daga layi, kuma abin da ya ɓata shi zai gyara da hannunsa. Ajina rumfar kara ce cike da yara, Inna, har wasu a bakin ƙofa, amma da na ɗaga rodin nan sai ki ji tsit.

Akwai wata yarinya, Rabi, ɗiyar wata Bafulatana da suka daɗe da zama a gefen gari. Kullum sai ta kai awakin gidansu dandalin da makiyayin gari ke tattara dabbobi, ta jira shi, sannan ta sheƙo lakol a guje. Malamin da na gada ya dake ta kan makara har ta daina zuwa. Sawu nawa na yi zuwa gidansu kafin uwarta ta yarda, da sharaɗi guda: ranar da aka sake ɗora mata bulala, ta bar lakol har abada. Na ɗauki alkawari. Ranar da Rabi ta fara buga ƙarfe, da hannu biyu ta riƙe rodi, ta rufe ido.

Sai ga ƙaddara. Zinatu, ɗiyar Alhajin da ke shugabantar kwamitin iyaye, ta toshe hanci ta ce Rabi na warin bunsuru, aji ya kwashe da dariya. Rabi ta warci allon Zinatu ta rotsa mata a goshi. Allo ya rabe biyu, jini ya zubo. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba.

Na wanke ciwon, na kai Zinatu aka duba ta, sannan na yanke hukunci a gaban kowa. Rabi ta ba Zinatu allonta, ita ta koma rubutu da yatsa a kan rairayi, ta fita daga layin ƙarfe sai ranar da 'yan aji suka yarda ta gyaru. Zinatu ma ta fita daga layi, don zagi laifi ne ko daga bakin ɗiyar wa ya fito. Rabi ta yi kukan da ban taɓa ganin bulala ta sa ta ba.

Nan fa Alhaji ya ce bai san zancen ba. An fasa wa ɗiyarsa goshi, sannan a hukunta ta tare da mai kiwon awaki? Ya rantse sai an zane Rabi a gaban lakol duka, kuma ni zan zane ta. Darakta ya kira ni buro, ofishinsa, yana ta kewaye-kewaye, wai shi ma ya san an hana duka, amma Alhaji ne ke kawo karan rumfa duk shekara, in yi mata ko guda uku marasa zafi a wuce wurin. Marasa zafi, Inna! Kamar zafin a fata kawai yake tsayawa.

Da safe bayan an ɗaga tuta aka fito da Rabi tsakiyar fili. Alhaji na kan kujera, uwar Rabi na tsaye can bayan darni da ƙwarya a ka. Darakta ya miƙo mini bulala. Na mai da hannuwana baya na ce, "Na riga na hukunta ta. Ba a yi wa laifi ɗaya hukunci biyu, kuma bayan ɗiyar nan ba wurin huce haushin kowa ba ne." Muryarki na ji ta fito daga bakina. Na kama hannun Rabi muka shige aji, ba wanda ya biyo mu.

Abin da ya biyo baya kin ji shi tun a farkon takardar nan. Aka kai ƙarata sama, wai ajina wasa ne, yara na buga ƙarfe maimakon karatu, wai na raina manya. To su faɗa. Su zo su ga waɗanda suka girma da bulala, da yawansu ko sunansu ba sa iya rubutawa, abin da suka iya shi ne kare fuska da hannu in babba ya motsa. Ban raina kowa ba. Na dai ƙi sayen karan rumfa da bayan yarinya.

Ranar da zan yi sallama na tambayi 'yan aji wa zai buga ƙarfe. Zinatu ce ta fara ɗaga hannu, da tabonta a goshi, ta ce a ba Rabi, ta gaji da ganinta tana rubutu a ƙasa. Rabi ta buga, ta sake bugawa, ta ƙi tsayawa, har darakta ya leƙo daga buro ya koma ciki. A nan ne na yi kukan da na hana kaina a gaban Alhaji.

Ina jin tsoro, Inna. Ban san hannun da Rabi za ta faɗa ba bayan tafiyata. Amma har yau tana zuwa lakol, kuma filin nan duka ya ga cewa ana iya miƙo bulala a ƙi karɓa. Da na biyo ta Cadawa na tsaya wurin wani mai faci, ya ba ni tsohon ƙarfen ƙafar mota, na ɗaure shi a kan kayana kusa da tukunyarki. Su tura ni inda suka ga dama, ba na rasa icen da zan rataya shi.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da aljanna kan kowane ƙanzo da kika hana ni. Allah ya tsare Rabi da Zinatu, ya tausasa hannun wanda zai gaje ni.

Taki har kullum, wadda ke fatan yau ta ci sunan,
Mairo