Shuni a Bikin Amarya

Alƙahira

Zuwa ga Gwaggo Dahiba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ƙafar nan ta yi sauƙi. Ina gaida Baba Hasun da duk mutanen ƙauyenmu.

Gwaggo, ki daina faɗa wa mata 'yarki ce amarya a fim. An ƙwace min matsayin. Kin tuna fim ɗin, labarin barkwancin nan na saurayin birni da ya so 'yar Nuba irinmu? Ustaz Midhat, mai shirya fim ɗin, ya ce masu zuba jari sun ce fuskata ba ta sayar da tikiti. Ya ba wata Shirin, fara sol, kullum ana shafa mata baƙi kamar gindin tukunya. Ni kuwa tiren shayi aka miƙo min, in fito a mai raba shayi. Har da dafa kafaɗata, wai, "Haba Nabra, ai kina ciki! Ga wakilcinku nan."

Na yi kuka, na share. Yanzu so nake ya ɗanɗana.

Zai zo ƙauyenmu ɗaukar bikin, yana neman mata cikin shigar gargajiya. Ki tara min su. Su fito yadda muka fito ranar da Kaka ta rasu, shuni a fuska, laka a ka. In ya tambayi ma'anarsa, ku gaya masa gaskiya. Na san ba zai tambaya ba.

Taki,
Nabra

Zuwa ga Gwaggona ta kaina,

Gaisuwa da jinjina, da fatan gajiya ta bi lafiya. Allah ya bar min ke.

Ai kin gan shi da idonki yana tafi, yana cewa, "Kai, wannan kwalliya! Ku shafa wa amarya ma!" Ni da tirena na kusa shiƙewa don danne dariya.

Abin da ba ki gani ba shi ne nunin farko a Aswan, gaban mutanenmu. Fim ya kawo wurin bikin, ga mata da amarya da shuni a fuska. Sai wani tsoho ya miƙe da sandarsa ya ce, "Jama'a, wa ya mutu? Angon ko amaryar?" Wuri ya kaure. Kafin gari ya waye abin ya zaga wayoyi, masu jari suka tsayar da fim. Wallahi ko ɗigon tausayinsa ban ji ba. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Jiya sai ga shi a ƙofata, murya ƙasa-ƙasa: "Madam Nabra, za a sake ɗauka. Ke ce amarya."

Na bar shi a tsaye har na gama shan shayina. Na ce na yarda, amma 'yan Nuba biyu za su zauna kusa da shi, ba abin da zai ɗauka sai ya tambaye su. Dole ya amsa.

Ki gaida mata ɗaya bayan ɗaya. Ki ce su wanke fuska, makoki ya ƙare. Ki sayo lalle.

Amaryarki,
Nabra