Tsakiyar Tarwaɗa

Asabar da dare, Dutsin-Ma

Yau na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma a gaban yara takwas.

Darasin adalci da rabo na shirya wa ajin yaranmu na addinin Baha'i da nake koyarwa a tsakar gida. Na sayo tarwaɗa uku daga madatsar ruwa ta Zobe, na yanka kowace gida uku, na soya, don su raba da kansu. Kafin su iso na zare tsakiya ɗaya mai tsoka, na rufe a kwano saboda ɗana Sadiku, wanda shi ma yana cikin ajin. Ai takwas ta ishe su, haka na ce wa raina.

Na yi ta bayani cewa mai rabo shi ke ɗauka a ƙarshe. Sai Hauwa, wadda uwarta ke suyar kifi a bakin kasuwa, ta leƙa tiren ta ce, "Malama, kai uku, wutsiya uku, amma tsakiya biyu."

Da na yi shiru ma da ya fi. Na ce kyanwa ta ɗauka.

Sadiku ya ɗago ya dube ni. Ya san ba mu da kyanwa. Ya bari kowa ya zaɓa, ya ɗauki wutsiyar da ta rage.

Ɗazu na ɗumama tsakiyar, na sa masa a kan tuwo. Ya cinye tuwon tas, ya turo mini kifin a hankali ya ce, "Umma, wannan na kyanwa ne."

Ga shi nan a kwano har yanzu. Ni ma na kasa ci.