Na Gaida Surukina da Shebur a Hannu, Bayana Ya Riƙe

Gwaggo Uwani, don Allah ki agaza mini da shawara, abin ya kai ni maƙura. Ba zan iya faɗa wa kowa a unguwa ba, don kafin la'asar ya zagaye gari.

Ni ɗan Madabo ne, sana'ata facin titi. Mu ne kuke zagi idan mun tare hanya, kuke kuma zagi idan ba mu zo ba. Mu sassare bakin rami, mu share, mu zuba kwalta da zafinta, mu baje, mu daɓe. Ba yabon kai ba, a ayarinmu babu mai cika shebur kamar ni, har Katafila suke ce mini. Kwanakin baya kamfani ya kawo wata ma'aikaciyar lafiya, ta tsaya cikin rana tana nuna mana wai idan za mu ɗaga kaya mu lanƙwasa gwiwa mu tsuguna, kada mu sunkuya, kada mu murɗa ƙugu. Mun sha dariya ranar. Na ce da abokan aiki ni mahaifina da malamina nake tsuguna wa, ban ga ranar da zan tsuguna wa tulin kwalta ba.

To sai aiki ya kai mu Yakasai, kuma duk titunan Kano a rasa wanda za a ba mu sai wanda ya bi ta ƙofar gidan surukina. Gwaggo, kin san cikin gari. Duk wanda ya gifta, in ba kawun matata ba ne to abokin mahaifina ne. Ba dama in yi kamar ban gani ba. Aikina kenan tun safe, in ɗebo in rusuna, in watsa in juya in sake rusunawa.

Ranar da abin ya faru surukin nawa, Alhaji, ne da kansa ya fito zai tafi masallaci tare da abokansa, ya ɓullo ta bayana. Shebur ɗina cike yake fal. Ba wai don a gani ba, kawai dai ban ga dalilin ajiye shi ba, sai na juyo da ƙuguna na sunkuya. Nan take na ji wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayana. Alhaji kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, ba ya gajeruwar gaisuwa. Sai da ya tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, ina sunkuye ina amsawa da lafiya lau, gumi na zuba. Har ya nuna ni ga abokansa ya ce su ga ƙarfi.

Tun daga ranar ban miƙe daidai ba. Abokai suka ce basir ne. Na sayi magani wajen masu mota da lasifika a bakin kasuwar Kurmi, na wuni ina sintiri tsakanin ɗaki da banɗaki, baya yana nan yadda yake. Wanzami ya yi mini ƙaho har bayana ya cika da tabo. Yanzu ƙwayar kemis nake haɗiya kafin in fita. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne ƙafata ta hagu. Sai in ji kamar kiyashi na yawo a cikinta, wani lokaci ina bakin aiki silifa ya fice ban sani ba sai an nuna mini. Salla a zaune nake yi a ɗaki. Husaina matata ce ke taimaka mini in saka wando, kuma wallahi wannan ya fi ciwon ci mini rai.

Ogammu Malam Mustafa ya lura. Ya ce in bar shebur in koma riƙe jar tuta ina tsayar da motoci. Gwaggo, aikin tsofaffi ne, ni da bakina na sha tsokanar masu yinsa. Kuma mai tuta daidai ƙofar Alhaji yake tsayawa. Da wane ido zan kalle shi? Abin da nake roƙo, ki faɗa mini sunan wata allura mai ƙarfi da za ta riƙe ni mu gama titin nan, daga baya sai in huta. Don Allah a sakaya sunana.

Daga wani bawan Allah a Madabo

AMSA

Malam Katafila, na sakaya sunanka kamar yadda ka nema. Sai dai ka faɗi laƙabinka, da unguwarku, da sunan matarka, da na oganka, don haka ina jin akuyoyin Yakasai ne kawai ba su gane ka ba.

Allura ba ni da ita, kuma ko ina da ita ba zan faɗa maka ba. Wanda silifa ke fice masa bai sani ba ya wuce maganar ciwon baya, alama ce ta cewa wani abu na danne jijiya, kuma ƙwayar da kake sha rufe bakin ciwon kawai take yi kana ƙara ɓarna. Basir kuwa, Allah sarki. Namiji a garin nan ko bango ne ya faɗo masa, sai an samu abokin da zai ce basir ne.

Ban raina kunyar suruki ba. Tarbiyya ce, kuma na san yadda ake ji idan mutumin da ya ba ka 'yarsa ya yaba maka a gaban abokansa. Amma kada ka ɗora wa al'ada laifin da ba nata ba. A gidanku haka aka koya maka gaida suruki, da kaya a hannu kana murɗe ƙugu? Abin da na sani shi ne a ajiye abin da ke hannu, a juyo gaba ɗaya, a kai gwiwa ƙasa. Da ka yi wa Alhaji cikakkiyar gaisuwar da ta dace da shi, da yanzu da ƙafarka kake zuwa masallaci. Abin da baiwar Allah nan ta tsaya cikin rana tana koya muku kenan kuna dariya, tsugunon da kowane ɗan cikin gari ya iya tun kafin ya iya tsarki. Kai dai so ka yi a ga shebur, kuma an gani.

Ka karɓi tutar, ka gode wa Malam Mustafa, don wani ogan sallamarka zai yi ya ɗauko mai sabon baya. In tsayuwar ma ta gagara, ka faɗa masa gaskiya. Idan likita ya yarda ka koma shebur, ɗebi rabi, ka riƙe shi kusa da jiki, ƙafa ce za ta juya ba ƙugu ba. Ku riƙa karɓa-karɓa tsakanin shebur da baro da manjagara, injin daɓe kuma mutum biyu ke ɗaga shi. Sannan wane mai hankali ne ke taka kwalta mai zafi da silifa? Nemo takalmin aiki ka saka.

Shi kuwa Alhaji, ka je har zaure ka gaya masa. Dattijo ne, ya san ba ƙarfi ya aurar wa 'yarsa ba, miji ya ba ta. Zai fi son ganinka tsaye da tuta a ƙofarsa a kan ya riƙa aiko da kunu Madabo ana duba ka a kwance, Husaina na juya ka.

Asibiti kuma gobe, ba bayan an gama titi ba. Idan ka ga ƙafar ta ƙara mutuwa, ko fitsari ya fara ƙwace maka, kada ka jira goben ma. Ka tafi da Husaina ta yi bayani, don na san halinku: likita na tambayarka ina ne ke ciwo za ka ce da sauƙi.

Allah ya ba ka lafiya, ya miƙar da bayan, ya saka wa Husaina da alheri.